Hoton Matar Mai Hoto

Da asuba, kafin jiragen kifi su gama shigowa, Pyo Mansik yana waje da bokiti da tsumma yana wanke gilashin tagar shagonsa. Iskar teku kullum sai ta bar gishiri a jiki, shi kuma ba ya yarda rana ta fito ta tarar da hotunan amare da jarirai da sojojin da ya jera a tagar sun yi dishi-dishi. Yana gamawa ya shiga ciki, ya kunna fitilu, ya ja labulen baya, ya ƙwala kira.

"Uwar Okhi! Zo ki zauna."

Matarsa, Gu Malsun, ta fito da kwanon tsiron wake a hannu. Ta zauna a kujerar da ke gaban kyamara, ta ci gaba da tsinke jelar waken, ko kai ba ta ɗaga ba. Ya danna, ya duba, ya matsar da fitila, ya sake dannawa. Haka suke yi kowace safiya tun suna da baƙin gashi. Ba hotonta yake ɗauka ba, haske yake gwadawa. Fuska yake buƙata, tata ce kuma mafi kusa.

Shagona na yankan gilashi da haɗa firam yana jikin nasa. Abin da duk ya ɗauka ni nake sa wa katako, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ce.

Mansik ɗan masunta ne, amma teku ta ƙi shi. Ranar da ubansa ya fara sa shi a jirgi, ya yi amai tun daga gaɓa har suka dawo. Uban ya dube shi ya ce wannan ko kifi ya gan shi sai ya ji tausayi, ya tura shi Mokpo wurin wani mai hoto. Ya yi shekaru can yana shara da wanke fim. Da ya dawo garinmu, ya zo da kyamara mai ƙafa uku da tambaya guda, wadda har yau ba wanda ya shiga shagonsa bai sha ta ba.

"Ina za a rataya shi?"

Ba ya gaisuwa mai tsawo. Ba ya tambayar sunanka, don ya riga ya san ubanka. Abin da yake son ji shi ne inda hoton zai je, da wanda zai kalle shi, da abin da kake so mai kallon ya yi. In na katin shaida ne, sai ka fito da kunnuwa, ka rufe baki, kyamara daidai da idonka, domin ɗan sanda ba soyayya ya zo yi da kai ba. In na neman aiki ne, sai ya ce ka ɗan sunkuyar da haɓa kamar wanda zai iya shan faɗa bai rama ba. In na takarar shugabancin ƙungiyar masunta ne, sai ya sa ka kalli nesa, can sama da kafaɗarsa, kamar kana hango garken kifin da ba wanda ya gani. In na neman aure ne, yakan ɗaga kyamara sama kaɗan, ya sassauta haske, ya bar ka ka zama ƙanin kanka.

Wanda ya yi masa ƙarya kuwa, kansa ya cuta. Akwai Ma Chilbok, mai gyaran injin jirgi, wanda matarsa ta rasu ya daɗe shi kaɗai. Ya zo yana sosa ƙeya, ya ce hoton na sabunta lasisi ne. Mansik ya ba shi hoton lasisi: kunnuwa a waje, ido a zare, baki kamar an ɗinke. Ashe dillaliyar aure zai kai wa. Hoton ya zaga tsibirai uku, ba macen da ta ce uffan. Wata ma an ce ta tambaya ko an kama mutumin ko har yanzu ana nemansa.

Chilbok ya dawo yana huci. "Yaya, ka kashe ni!"

"Kai ka ce lasisi. An hana ka lasisin?"

"Kunya na ji."

"To kunyar na ɗauka. Zauna. Cire wannan hular. Tuna miyar da marigayiya take yi maka."

Kafin sanyi ya shigo aka ɗaura wa Chilbok aure.

Shi kansa Mansik ta hoto ya samu mata, ko da yake ba ya son a tayar da zancen. Malsun tana budurwa gwaggonta ta kawo ta a ɗauki hoton da za a aika wa wani malamin makaranta a Gwangju. Mansik ya yi tambayarsa, aka ba shi amsa. Ya dubi yarinyar, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sauke fitila ƙasa, hasken ya doke ta ta ƙarƙashin haɓa. Uwar malamin ta maido da hoton, ta ce mai wannan fuskar za ta cinye mata ɗa ɗanye. Da kaka ta yi, dangin Mansik suka je gidan su Malsun da busasshen kifi da giyar shinkafa. Har yau in an tambaye shi, cewa yake yi ƙafar fitilar ce ta zame.

Amma hoton da ya fi ba muhimmanci shi ne wanda tsofaffi suke zuwa ɗauka da ƙafarsu. Sunansa hoton tsawon rai. Kowa ya san inda za shi: tsakiyar fararen furanni a ɗakin makoki, da baƙin ƙyalle a kusurwoyinsa biyu. Ba mai faɗar haka. Wannan kaɗai ne hoton da Mansik ba ya yi wa tambayarsa.

Yana da yadda yake ɗaukarsa. A cewarsa, masu ta'aziyya daga ƙasa suke kallon hoton, bayan sun kai goshi tabarma sun ɗago. Saboda haka shi ma daga ƙasa yake ɗauka. Yakan rage ƙafafun kyamara, ya durƙusa a gaban tsohon, don ya ga abin da jikoki za su gani. Kuma ba ya tashi sai ya gama. Duk ɗan Koriya ya san lissafin: mai rai sau ɗaya ake durƙusa masa, mamaci sau biyu. Ko da tari ya sarƙe tsohon, ko haƙoran roba suka zame, Mansik yana nan a ƙasa yana jira. Tsofaffin garin sun lura da wannan, ba su taɓa yi masa magana a kai ba, amma ba su taɓa zuwa wani wuri ba.

Sai da wayoyi suka zo. Yanzu yara suna ɗaukar kansu da kansu, su ƙara girman ido, su aske haɓa, su fito kamar 'yan tsana. Mansik bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya sayi sabuwar kyamara mai allo a baya, ya koyi kwamfuta da yatsa ɗaya, ya ci gaba da wanke tagarsa.

Rigimar ta fara ne da rasuwar tsohuwa No, aminiyar Malsun, mai sayar da ganyen teku a kasuwa. Ita ce ta farko da ta karya al'ada. 'Yarta ta kai ta wani shago a Seoul, inda aka goge mata duk yamutsin fuska, aka cike mata gashi, aka ɗaga mata kumatu. Ranar makoki, gidan makokin da aka kai ta yana da ɗakuna da yawa, kowanne da gawarsa da hotonsa a bakin ƙofa. Matan kasuwa suka zo a jere, suka dubi hoton, suka ce wayyo, yarinya ƙarama, suka wuce. Suka shiga ɗakin gaba suka yi kuka mai kyau a gaban wani tsoho da ba su taɓa gani ba, har aka zuba musu miya. Sai da ɗan tsohuwa No ya fito ya kamo su ɗaya bayan ɗaya.

Malsun ta dawo gida ba ta yi dariya ba. A sanyin da ya wuce ita ma ta faɗi a banɗaki, ta yi kwanaki a asibiti. Washegari da asuba ta zauna a kujera ba kwanon wake.

"Baban Okhi. Ka ɗauke ni."

"Me nake yi kullum?"

"Na tsawon rai nake nufi."

Mansik ya shiga gyara wata wayar fitila da ba abin da ya same ta. "Kina da hotuna sun fi na kowa a garin nan."

"Ɗauko ɗaya."

Ya jawo akwatunan. Hotunanta ne cike, tun na baƙi da fari. A wannan idonta a rufe. A wancan bakinta a buɗe tana yi masa faɗa. Ga wanda rabin kanta ya fita, ga wanda kwano ya rufe haɓarta, ga wanda take atishawa. Suka juye akwati bayan akwati, ba ɗaya da za a iya ajiyewa a gaban mutane.

"Ka gani?" in ji ta. "Matar mai hoto. In na mutu gobe, da hoton atishawa za a karɓi baƙi."

"Wa ya ce za ki mutu? Ke da ko mura tsoronki take ji."

"Ban tambaye ka ba. Ranar Alhamis ɗalibai za su zo zauren tsofaffi su ɗauki na kowa kyauta. In ba ka yi ba, zan sa kayana in bi layi."

Wannan ta taɓa shi. Matarsa a layin hoton kyauta, a gaban duk garin, wani yaro da bai iya tsayar da fitila ba yana ce mata kaka yi murmushi! Ya ce gobe.

Gobe ta yi, ya ce hadari ya ɓata haske, alhali fitila yake amfani da ita. Jibi ya ce ƙwan fitilar ya ƙone. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sabo daga inda ya ɓoye shi, cikin tukunyar shinkafa. Da ya ga ba mafita ya ɗauka a tsaye, daga sama, da haske mai laushi. Ta dubi allon.

"Miji kake nema min?"

Ya sake wani, daidai ido.

"Wannan na 'yan sanda ne."

Ya sa ta kalli nesa.

"Kifi zan hango? Kai tsohon nan, ni za ka yi wa wayo? A kujerar nan na tsufa. Na san kowane irin hoto da kake yi, na kuma san wanda ba ka yi ba."

Ya ce gwiwarsa ce ke ciwo. Gaskiya ne, tana ciwo. Amma a makon da ya wuce ya durƙusa wa wani tsoho mai sayar da ƙanƙara, ita kuma tana kallo.

Ranar Laraba da safe ta fito cikin kayan bikinta, riga mai ruwan hoda da doguwar fatari, waɗanda ta saka ranar auren Okhi. Ta yi kitson baya, ta shafa hoda. Ta zauna, ta ɗora hannu kan hannu.

"Ko yau a nan, ko gobe a zaure."

Mansik ya tsaya yana kallonta.

"Na san abin da kake yi," ta ce. "Ba yau ka fara ba. Duk ranar da hotona zai kai ni wani wuri, sai fitilarka ta zame. Wancan karon ka hana ni Gwangju. Wannan karon ba malamin makaranta ba ne, tsoho. Ajali ne, ba ya maido hoto."

Ya kwance ƙafafun kyamarar, ya rage su. Ya dafa kujera, ya sauke gwiwa ɗaya, ta yi ƙara kamar an karya rake, ya sauke ɗayar.

"Ikon Allah!" in ji Malsun. "Sama da shekara arba'in ina dafa maka abinci, yau ka durƙusa min. Bari in kira matan kasuwa."

"Rufe baki. Kalli nan."

Ya danna. Fitila ta haska. Shi da yake zama a ƙasa har sai ya tabbata, ranar ko allon bai duba ba. Ya yunƙura ya miƙe da sauri kamar mai gudun wuta, ya ce an gama. Sai da ya ɗauko tabarau a kan tebur ya duba.

Idonta a rufe ruf. Shekara da shekaru tana zama a gaban fitilar nan, ta koyi runtse ido tun kafin yatsansa ya sauka.

"To sake mana," ta ce.

"A'a."

"Kamar yaya a'a? Koma ƙasa."

"Na durƙusa sau ɗaya."

Ita ma ta iya lissafin.

"Haba, Baban Okhi. Wannan ai aiki ne, ba gaisuwa ba."

"Gwiwa ba ta san bambanci ba."

"To gobe ka yi."

"Gobe ma na biyu ne."

"Yo ka zauna a ƙasa da ɗuwawu!"

"In na je ƙasa ta gwiwa zan bi."

Ta ja tsaki. "Shi ke nan. Ɗalibai."

Ta tattara fatarinta za ta tashi. Ya ce ta zauna. Ya fita ya buga min bango, ya ce in zo da ƙarfina, in bar bakina a shago. Muka tsallaka kasuwa muka kwaso akwatunan kifi na katako, waɗanda aka juye da asuba. Muka jera su a gaban labule, muka ɗora wasu a kai, muka shimfiɗa ƙyauren tsohuwar ƙofa, muka aza kujerar a bisa. In shi ba zai sauka ba, ita za ta hau.

"Ka haukace," in ji Malsun. "A kayan bikina?"

"Kin ce kina so daga ƙasa."

"Ƙarni suke yi!"

"Hoto ba ya ɗaukar ƙarni."

Matan kasuwa sun ga ana jidar akwatuna, suka biyo baya da takalman roba suka cika ƙofa. Wata ta ce ko sarauta za a ba Malsun. Wata ta ce a'a, gwanjonta za a yi, a fara da farashin babban kifi. Chilbok ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan na lasisi ne ko na aure?" Mansik ya ce wanda bai riƙe akwati ba ya fita.

Muka kama ta hannu biyu, ta taka, tana zagin uban duk wanda ya ƙirƙiro kyamara. Ta zauna can sama, kanta ya kusa taɓa rufi, ta ƙanƙame hannun kujera. Mansik ya tsaya a ƙasa a kan ƙafafunsa biyu, ya ɗaga kyamara. Ya miƙa hannu ya kashe fitilar. Ya ce matan su dare gida biyu, hasken ƙofa ya shigo.

Malsun ta leƙo shi daga sama. Ta daɗe tana kallo.

"Kai, tsoho," ta ce. "Ashe sanƙon nan ya ci har tsakiya? Wa kake yaudara da wannan gashin da kake kwantarwa?"

Matan suka fashe. Ita ma dariyar ta ƙwace mata, haƙorinta na zinariya ya fito, idonta a kansa. Ya danna.

A dokarsa, hoton tsawon rai ba a buɗe baki. Ya duba allon ya ce za a sake. Ta ce a miƙo mata. Ta riƙe kyamarar nesa da fuskarta, ta karkata kai. Duk yamutsin yana nan, ba a rage ko ɗaya ba.

"Wannan ba wanda zai wuce ɗakina," ta ce. "A bar shi. Ku sauke ni kafin kuliyoyi su zo."

Ranar Alhamis ba ta je zaure ba. Ta wuni tana wanke ƙarni daga fatari tana faɗa.

Bayan kwana biyu ya kawo min hoton, ya ce firam mai kauri yake so, na katako mai ƙarfi. Na yi masa mai kyau, na sa masa igiyar ratayewa a baya yadda ake yi, don ranar da za a buƙace shi a cire a tafi da shi. Ya karɓa, ya juya shi, ya ɗauki almakashina ya yanke igiyar. Ya ce in ara masa guduma da ƙusoshi dogaye.

Na bi shi don gudumar tawa ce. Ya zaɓi bangon da ke fuskantar ƙofa, inda ginshiƙin ginin yake. Ya hau kujera, ya danna firam ɗin a jikin bango, ya kafa ƙusa a kusurwa ya buga ta cikin katakon da na yi wuni ina gogewa. Ya buga ta biyu. Malsun ta fito da kwanon wake.

"Me kake yi haka? Ranar da za a buƙace shi fa?"

"Su ɗauki bangon."

"Tsohon banza. Okhi za ta zage ka."

Ya ɗauki wata ƙusa. Ya buga ta uku, ya buga ta huɗu. Sannan ya bi kawunansu ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa, har suka nutse cikin katako yadda ba abin da zai kama su. Ya kama firam ɗin da hannu biyu ya jijjiga, bai motsa ba. Ya sauko a hankali, yana dafe da gwiwa, ya miƙo min gudumata, ya kunna fitila ya ce mata ta zo ta zauna.